Maganar Kimberlé Crenshaw ba gasar shan wahala ba ce

Abin nan yana damuna wallahi, mutane da yawa sun ɗauka Farfesa Kimberlé Crenshaw, malamar shari'a a jami'o'in Columbia da UCLA a Amurka, cewa ta yi a jera mutane a ga wa ya fi shan zalunci. Ba laifinsu ba ne, haka ake yaɗa abin a intanet. Amma takardarta ta 1989 giɓin doka ta nuna. Ga misalin da ta kawo: baƙaƙen mata sun yi ƙarar kamfanin motoci na General Motors, kamfanin bai fara ɗaukarsu ba sai bayan 1964, da aka zo rage ma'aikata su aka sallama tunda sababbi ne, amma a 1976 kotu ta ƙi haɗa wariyar launi da ta jinsi a ƙara ɗaya, wai ai kamfanin ya daɗe yana ɗaukar mata, alhali farare ne.