Wa ya ce? Tambayar da ban yi ba ranar wankan gishiri

Ƙannena masu riƙe da waya, ku ba ni aron kunnuwanku. Da yawanku kuna firamare lokacin da abin nan ya faru.

Ranar Juma'a ce, 8 ga Agusta 2014. Ko kiran assalatu ba a yi ba wayata ta fara ruri. Gwaggona ce, muryarta na rawa: "Tashi ka tashi mutanen gidan! An ce kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, kafin rana ta fito. Maganin Ebola ne." Lokacin kusan sati uku ke nan da Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya da cutar a jikinsa, tsoro ya cika gari, har gaisawa da hannu mutane sun fara ƙi. Ban ce mata "Gwaggo, wa ya ce?" ba. Ni da nake aji uku a jami'a, ni na hura wa Inna gawayi, ni na kwance ƙullin gishirin na juye a tukunya. Kafin ruwan ya tafasa na tura saƙon ga kowace lamba da ke wayata. Baba mai hawan jini ya kurɓi rabin kofi ya yamutsa fuska, ya ce shi dai ya haƙura. Allah ne ya rufa asiri.

Wasu gidajen ba su yi wannan sa'ar ba. An ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2, wasu kusan 20 kuma suka kwanta asibiti, saboda gishirin da suka ɗirka. Ita kanta Ebolar mutum 8 ta kashe a duk faɗin Najeriya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an rabu da ita ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Hausawa na cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To wannan dai ta yi, mun kuma ga 'ya'yan.

Gwaggo ba ta yi boko ba, ba na ganin laifinta. Tsoro da ƙauna ne suka sa ta buga waya. Laifin nawa ne, ni da aka biya wa kuɗin makaranta don in zama idon gida. Haka kuke a gidajenku yau. In Mama ta ji murya a WhatsApp tana cewa an zuba guba a wani abinci, ko ana raba tallafi ga duk wanda ya tura lambar BVN, ku take miƙa wa wayar. Abin da kuka ce shi ne hukunci. Sai ga ɗan jami'a ya tura saƙo zuwa guruf goma, ya rubuta "kamar yadda na samu" a ƙasa, wai shi ya wanke hannunsa. Bai wanke ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, wannan ilimin ba baƙonmu ba ne. Tun a Islamiyya muka haddace aya ta 6 ta Suratul Hujurat, wadda ta umarce mu da bin diddigin labari don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Malaman hadisi kuwa ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, mutum bayan mutum, kuma ko mai ruwayar yana da gaskiya da ƙarfin hadda. Mu jikokin masu isnadi, yau isnadinmu kaf "an ce".

Kada kuma ku ce gani ya kori ji. A watan Yuni 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a Barikin Ladi ta jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook da sunan daga can aka ɗauko su. Da BBC ta bi sawu, sai ta gano wani bidiyon a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Kafin a gano hakan, an tare hanya an fito da matafiya 11 daga motoci an kashe. Wanda ya danna "tura" yana kwance a ɗakinsa. Yanzu ma abin ya wuce tsohon hoto, tunda manhaja na iya ɗora muryar malami ko gwamna a kan maganar da bai taɓa furtawa ba.

Binciken ba wani aiki ne ja ba. Saƙon da ya ce "yaɗa da gaggawa", ko ya haɗa ka da Allah sai ka tura wa mutum ashirin, ko ya sa jininka ya tafasa a kan wata ƙabila, nan ne wurin tsayawa. Duba kwanan wata. Saka hoton a Google Lens ka ga inda ya fara fitowa. In labarin babba ne, ka kunna rediyo: abin da ya kai a tashi gari da asuba ba zai wuce BBC Hausa da Freedom Radio da Aminiya a ce duk ba su ji ba. Akwai ma masu sana'ar tantancewa irin su Dubawa da Africa Check. Datar da kake ƙonawa a TikTok cikin minti biyar ta ishe ka.

Ku da kuka fara koyarwa, ko bautar ƙasa ce ta kai ku aji, ku ware minti goma ran Juma'a. Ku kawo saƙo ɗaya da ke yawo a gari, ku ce yara su nemo asalinsa. Na gwada da 'yan aji biyar na sakandare, wata yarinya ta gano hoton "ambaliyar jiya" ya shekara huɗu a intanet, ta yi ta tsalle kamar ta ci gasa.

Gwaggo tana nan da ranta, har yanzu tana kirana da asuba. Sai dai yanzu da na ɗauka takan ce, "Ɗan nan, duba min wannan tukuna, kafin in gaya wa su Hajiya."