Tsoron Mutuwa a Gidajen Jinyar Ingila da Abin da Muka Baro a Gida

A gidan jinyar da nake aikin dare a arewacin Ingila, inda ake kawo waɗanda likitoci suka cire rai da warkewarsu, wasu 'yan asalin Sudan sun roƙi kada a faɗa wa mahaifinsu cewa ciwon dajin da ke hantarsa ya fi ƙarfin magani. Da suka fita, wata babbar nas ta dube ni ta ce mutanenmu suna tauye wa majinyaci haƙƙinsa na sanin gaskiya, shi ya sa yake mutuwa a firgice. Maganar ta sosa mini rai, domin shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna mini akasin haka.

Irin wannan gida ba asibiti ba ne yadda muka san shi. Kowane majinyaci da ɗakinsa, tagarsa tana kallon lambun furanni, 'yan sa-kai suna zagayawa da shayi da biskit, wani lokaci har da kare ake kawowa domin a shafa shi a ji sanyi a rai. Akwai wata 'yar na'ura da ke tura morfin ta ƙarƙashin fata dare da rana, ta yadda zogi ba ya samun damar tashi. Likita yakan zauna ya faɗa wa mutum ƙarara cewa makonni suka rage masa, a tattauna ko a farfaɗo da zuciyarsa idan ta tsaya, shi kuma ya zaɓi kiɗan da za a sa ranar jana'izarsa, da ko binne shi za a yi ko ƙonawa. Tsarin ya samo asali ne daga wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan St Christopher's a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa raɗaɗin mai jinyar ajali ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhi.

Sai dai idan dare ya raba, ƙararrawar kira ba ta hutawa. Da yawa daga masu danna ta ba ciwo suke ji ba, mutum suke so ya zauna kusa da su, domin 'ya'yansu suna wani gari ko Ostareliya, sai ƙarshen mako ko ta waya. Idan fargabar ta yi yawa a ba su allurar kwantar da hankali, a rubuta cewa sun natsu.

A gida kuwa, 'yan dubiya su ce ya jiki, shi ya ce da sauƙi, alhali kowa ya gane, har da shi kansa. In ba haka ba, me zai sa ya fara neman yafiya, yana lissafa bashin da ake bin sa, yana barin wasiyya? Tsoron kwanciyar kabari yana nan, amma akwai mai karanta Yasin, akwai mai laƙƙana masa kalmar shahada, ɗakin kuma ba ya rabuwa da mutane. Ban musa cewa muna da babban giɓi ba: morfin yana wuyar samu, masu ciwon daji suna kwana suna ihu, kuma sashen irin wannan kulawa da aka buɗe a asibitin koyarwa na Ibadan a 2007 ya yi wa mutumin Gumel ko Maraɗi nisa. Duk da haka, magani ana iya shigo da shi da kuɗi, jama'a kuwa ba a sayen su.

Abin da ya fi damuna shi ne namu ƙarshen, mu da muke zaune a nan. Tun watan Satumba na 2024 sai wani likita na daban ya duba dalilin kowace mutuwa, ban da wadda hukuma ke bincike a kanta, kafin a yi rajistarta, gawa kuma tana iya kwanaki a cikin firiji, alhali a gida wanda ya cika da hantsi ana yi masa sutura kafin la'asar. Kai gawa gida sai an yi karo-karo a zaurukan WhatsApp. 'Ya'yana kuwa a nan aka haife su, babu wanda ya haddace Yasin a cikinsu, kuma da na ba babbar 'yata labarin iyalin nan na Sudan, bayan nas ɗin ta bi.