Mai makulli duka a aljihu

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, sai dai wannan gyara ne, don abin yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya.

Akwai wani babba a harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas da ke kiran halinsa tsari. Makullin rumfa na aljihunsa, littafin bashi ma haka, yaro ba ya sallama kwandon tumatir sai ya buga masa waya. In maigidan ya maƙale a cunkoson titin Ikorodu kuma waya ta ƙi shiga, mai saye ya yi gaba. Tumatirin da ya sha tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano ba ya jiran izini. Wanda aka sauke da asuba, rana na yin zafi na ƙasan kwando ya fara ruwa, dole a karya farashi.

Ɓarnar da ta fi wannan tana kan yaran. Wanda aka hana yanke shawara yakan daina tunani, daga nan ya koyi ɓoye asara don gudun faɗa. Maigida ya kama ƙarya, ya ƙara matsewa, ƙaryar ta ƙaru. Haka yake yi a taron ƙungiya, ba ya bari kowa ya dire magana.

Alhaji, halin nan yana da alama a jiki kafin ya fito baki. Ƙirji ya ɗaure, haƙora su cije, hannu ya nufi waya, "kawo in yi da kaina" ta taso. A nan za a tsaya, a ja numfashi sau 3, a tambayi zuciya: asara ce ke tafe, ko dai an yi ne ba yadda na saba ba? Galibi na biyun ne, tsoro ne ya sa rigar kulawa. Ko Manzon Allah (SAW) an gaya masa a Suratul Gashiya, aya ta 21 da 22, cewa shi mai tunatarwa ne, ba mai tanƙwara mutane ba.

A yanka wa yaro farashin ƙasa da safe, tsakanin nan da sama nasa ne. Lissafi sau 1, bayan magariba. In ya yi kuskure a nuna masa a keɓe, kada a ƙwace aikin. Motar gobe in ta iso, a gwada shi da kwando 10.