Yadda Tantina Ya Riga Ni Zaga Tafkin Mille Lacs

Mutanen jihar Minnesota ta Amurka ba sa gudun sanyi, har gida suke binsa. A bayan kowace mota an rubuta cewa jihar tafkuna dubu goma ce, kuma ba cika baki ba ne, ƙirgen hukuma ma 11,842 ya ba da. Da Disamba ta yi nisa duk sai su daskare, sai ka ga magidanci da hankalinsa da iyalinsa ya bar ɗaki mai ɗumi, ya je tsakiyar tafki ya huda rami mai faɗin inci 8, ya zura fatsa, ya zauna yana leƙen ramin har magariba. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce ƙanƙara sabuwa garau in ta kai kaurin inci 4 mutum zai iya takawa, mota kuwa sai ta doshi ƙafa guda. A ƙasa kuma suka ƙara cewa babu ƙanƙarar da za a amince mata ɗari bisa ɗari. Wannan layin na ƙarshe shi kaɗai uwargida ta haddace.

Maƙwabcinmu ne ya ja ni, wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga gyaran layin lantarki. Wata rana muna kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida bakina ya suɓuce na ce masa ni Bakabe ne, mutumin Argungu, garin da ake bikin kamun kifi tun 1934. Na ba shi labarin kogin Matan Fada, da dubban masunta da komarsu da gorarsu, da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗagawa. Abin da ban tsaya bayani ba shi ne daga bakin gaɓa nake kallo, da rake a hannuna. Tun daga ranar dattijo ya ɗauke ni sarkin ruwa, ya ce lallai in nemi tantina na kamun kifi a kan ƙanƙara kafin Janairu.

A farkon Disamba ana baje kolin kayan kamun kifi na ƙanƙara a birnin St. Paul, can ya kai ni. Na shiga da tunanin tanti tanti ne. Ashe abin mazhabobi ne, kowace da malamanta da masu kare ta.

Na farko shi ne mai kifewa. Kwamin roba ne dogo da ake ja da igiya, a ciki an kafa kujera ɗaya ko biyu, an naɗe rufin a baya a kan sandunan ƙarfe. Ka zuba kayanka a kwamin, ka ja zuwa inda kake so, ka huda rami, ka zauna, ka miƙa hannu baya ka jawo rufin ya kife a kanka. Shi ke nan, ka shiga ɗaki. Wani masunci ɗan jihar, Dave Genz, shi ya fito da shi wajajen 1980, kuma hikimarsa ita ce kada ka zauna jiran kifi: in rami bai ba da komai ba, ka yaye rufi ka ja gaba. Na shiga na mutum biyu tare da dattijo, gwiwarmu tana gugar juna, kanmu yana taɓa rufi. Sak a-daidaita-sahu, sai dai babu mai karɓar kuɗi. Ga nauyi, ga tsawo. Mai sayarwa ya tambayi irin motata, da na faɗa masa sai ya ce kwamin ba zai shiga but ɗina ba ko da na cire kujerun baya na bar yara a gida.

Na biyu shi ne mai cibiya. Shi a jaka yake zuwa, doguwa, ka saɓa a kafaɗa. Kowane bango da rufin suna da sanduna masu lanƙwasa da suka haɗu a tsakiya, da ɗan madauki a waje. Ka ja madaukin, bango ya yi fat ya buɗe, ka zaga ka ja na gaba, a ƙarshe ka shiga ciki ka tura rufin sama. Yaron da ke nunawa ya kafa shi kafin in gama gyara hulata. Ba shi da daɓe, ba shi da kujera, amma fa fili! Mutum ya miƙe tsaye, ya yi miƙa, ya zaga.

Akwai na uku mai daɓen roba da ke ninkewa, wanda dattijo ya ce na mutanen da ne, ko tsayawa ba mu yi ba. Akwai kuma gida mai taya da ake ja da babbar mota a sauke shi a kan ƙanƙara, da gadaje da kicin da talabijin da ramuka a daɓe. Na leƙa takardar farashinsa, dubban daloli ne har gomiya-gomiya, na yi salati na fito da baya.

Dattijo ya ce in sayi ƙaramin mai kifewa na mutum ɗaya, ya ɗora mini a motarsa duk ranar da za mu fita. Mai sayarwa ma, wanda ya fi cin riba in na ɗauki babba, ya tambaye ni, "Mutum nawa ne za su riƙa binka?"

A nan Bahaushen cikina ya farka. Ta yaya zan sayi ɗakin da baƙo ba zai samu wurin zama ba? Nan take na hango majalisa: 'yan uwa na Minneapolis da muke haɗuwa ranar Juma'a, ga tabarma, ga butar shayi tana tafasa, ga hirar siyasar gida, kifi yana ta fitowa daga rami muna gasawa. Na ce a ba ni mai cibiya na mutum shida.

Saura maganar ƙyalle. Akwai mai falle ɗaya, akwai mai ruɓi uku da aka ɗinke da abin riƙe zafi a tsakiya, kuma tsakaninsu kuɗi ne mai kauri. Mai sayarwa ya ce mai falle ɗaya yana zufa in an kunna hita. Na ce a raina, wanda ya yi bazarar Kebbi ne za a tsorata da zufa? Na ɗauki mai arha.

Uwargida ta dubi jakar da na shigo da ita, ta dubi rasit, ta ce, "Maigida, kifin nan da ake sayarwa a kanti, wani laifi ya yi maka?"

Mutum biyar na gayyata, duk suka ce in sha Allahu. Daren tafiya waya ta fara ƙara. Wannan an canza masa aiki zuwa safe, wancan surukarsa ta sauka. Na uku ya tsaya mini a kan cewa shi bai ga inda aka halatta wa mutum ya taka ruwa da gangan ba. Na huɗu ya ce mura. Na biyar ya fi su gaskiya, ya ce, "Malam, ni Agadez aka haife ni, ka yi mini rai."

Muka kama hanya mu biyu da asuba. Mille Lacs yana arewa da Minneapolis, tafiyar kamar awa biyu. Tafki ne mai faɗin eka dubu 132, amma zurfinsa bai wuce ƙafa 42 ba, kuma shimfiɗe yake fetal, babu tsauni babu bishiya da za su tare iska. Masu masaukai na bakin ruwa su ke share hanyar mota a kan ƙanƙara, ka biya ka shiga. Dattijo ya sauke gilashi ya kwance bel ɗin kujerarsa, ya ce ni ma in yi haka, wai al'ada ce, ko da za a buƙaci fita da sauri. Ban tambayi fita zuwa ina ba. Ma'aunin mota ya nuna 10 ƙasa da sifili a lissafinsu, wato wajen 23 ƙasa da sifili a namu. Gashin hancina ya sandare tun kafin in rufe ƙofa.

Dattijo ya huda mini ramuka biyu, don doka ta yarda da fatsa biyu a lokacin ƙanƙara, ya ja kwaminsa ya yi gaba. Yana tafiya ya waiwayo ya faɗi wata magana a kan turke, iska ta kwashe rabinta.

Turakun suna cikin ƙaramar jaka: ƙarafa masu zare da ake murɗawa cikin ƙanƙara. Ƙa'idar ita ce tun tanti yana kwance ka kafe kusurwar da ke fuskantar iska, sannan ka buɗe. Ni kuwa yadda na ga yaron baje koli ya yi haka na yi, shi da yake cikin zaure babu ko iskar fanka. Fat, fat, fat, bango ya tashi. Na tura rufi. Na ja da baya ina kallon gidana, ja jawur a tsakiyar fari, har na ciro waya zan ɗauka in aika wa mutanen in sha Allahu.

A hoton, kusurwa ɗaya ce ta fito.

Tanti ya ɗaga ƙafa, ya yi tsalle ɗaya, ya kifa, ya fara mirginawa. Na bi shi. Wanda bai taɓa gudu a kan ƙanƙara da takalmi mai nauyin dutse da wando uku ba, kada ya yi mini dariya. Inda iska ta share dusar, ƙanƙarar sulɓi ce zalla, ga shi ban ɗaura ƙarafan da ake sa wa tafin takalmi ba. Ƙafafuna suka yi gaba, ni na yi baya, na ga sararin samaniyar Minnesota gaba ɗayanta. Na tashi, na sake bi, ina kiran "Kai! Kai!" sai ka ce zai ji Hausa ya tsaya. Masu kamun kifi suka riƙa zuge tagoginsu suna leƙe. Wani ya ɗaga mini kofin kofi. Mutanen jihar nan akwai kara, ba wanda ya yi dariya a fili, amma na ga tantuna suna girgiza.

Wani gida mai taya ne ya tare shi. Ya rungume bangon ya tsaya yana kaɗawa. Ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa ta fito da silifas, hannunta riƙe da cokalin miya, ƙamshin soyayyar albasa yana biyo ta. Ta dubi tantin, ta dube ni ina haki, ta ce, "Naka ne? Na bana kai ne na farko." Ta kira jikanta ya ɗauko ƙaramin injin ɗaure sukuru mai batir, ya ɗora ni da tantin a babur ɗin ƙanƙara ya mai da ni. Da hannu na gwada murɗa turke ɗaya, yana ta zamewa yana feshe ni da ɓarɓashi. Yaron ya kafe dukkansu yana taunar cingam, ya juya ƙofar ta ba iska baya, ya tara dusa a kan leɓen ƙyallen da ke ƙasa, ya tafi.

Na shiga, na kunna hitar gas, na buɗe 'yan kafofin sama kamar yadda dattijo ya yi ta nanatawa, don hayaƙin gas marar wari yana kashe mutum a rufaffen tanti. Na shimfiɗa tabarma, na ɗora shayi. Ɗakin mutum shida, ni kaɗai da kofuna shida. Hitar tawa kuwa ta ƙaramin ɗaki ce, gwiwar dama ta gasu, ta hagu tana kyarma.

Can sai na ji ɗis a wuya. Numfashina da tururin shayi da danshin gas sun hau sama sun daskare a jikin falle ɗayan nan, zafi ya narkar da su, suka dawo mini. Ruwan sama a cikin ɗaki, a watan Janairu. Ina matsar da kujera sai iska ta sake bugowa. Ashe igiyar da ake ɗaure cibiyar bango da ita a waje tana cikin aljihuna. Bangon ya yi fat ya dawo ciki, ya mangare ni a ƙeya, ya ture buta. Shayi ya gangara ya shige ramin fatsa, har da citta da kanumfari.

Gaskiya ɗaya zan faɗa wa mai cibiya: da azahar ta yi na miƙe tsaye sosai na yi sallata, da ruku'u da sujada, ba abin da ya taɓa kaina. Mai kifewa ba zai ba ka wannan ba. Alwalar kuwa tun ta gida ce na riƙe ta da kyau, shi ya sa ma zubewar shayin ba ta dame ni can can ba.

Dattijo kuma yana ta yawo. In na leƙa taga in gan shi gabas, in na sake leƙawa ya koma kudu, yana jan kwaminsa, da 'yar na'urarsa mai walƙiya da ke nuna kifi a ƙarƙashi. Ya aiko mini saƙo cewa kifi ya koma wajen zurfi, in taso. In taso? In kwance turaku, in rushe bango, in naɗe tabarma, in sake neman jikan tsohuwa? Na rubuta masa cewa mu Kabawa kifi ne yake zuwa wurinmu. Da la'asar ya dawo da bokiti ɗauke da kifayen perch masu zane a jiki, ya leƙa nawa bokitin ya ga ruwan rufi ne a ciki. Ya ce wataƙila kifin nan bai saba da citta ba.

Naɗewa wani yaƙin ne. Ƙyallen ya jiƙe ya daskare ya ƙi lanƙwasa, jakar kuma na rantse ta tsuke tun safe. Muka cusa shi a bayan mota haka nan, sanduna a waje. Dattijo ya ce lallai in buɗe shi a gida ya bushe, in ba haka ba ya yi fumfuna.

Na kafa shi a gareji. Kafin gari ya waye yara sun kwashe barguna da fitila sun tare a ciki, ƙaramar ta liƙa takarda a ƙofa cewa ba a shiga sai da sallama. Uwargida ta leƙa ta ce ai ya yi kyau, a bar musu har sanyi ya wuce, ta samu sararin falo. Motata yanzu a waje take kwana, kullum da asuba ina kankare gilashi. Mutanen in sha Allahu kuma sun ga hoton kusurwar nan, sun ce tantin ya burge su, suna tambaya ko za a ba su aro ranar Sallah, a kafa a wurin shaƙatawa saboda rana.