Turkudi Yana Zuba, Kuma Haka Masu Shi Suke Son Sa

Duk mai cewa kyau abu ɗaya ne a idon kowa, ya je garin Kura a jihar Kano ya ga yadda ake yin turkudi. Ana saƙa farin zane ƙyalle-ƙyalle, siri-siri, faɗin kowanne bai fi yatsa ba, a ɗinke su wuri guda, a tsoma a karofi sau da yawa har ya yi baƙi ƙirin. Daga nan sai wajen masu bugu. Su shimfiɗa shi kan gungumen itace, su barbaɗa garin shuni, su yi ta dukansa da mabugi har ya ɗauki ƙyalli mai ja-ja kamar ƙarfe. Shunin nan na ƙarshe bai shiga cikin zare ba, a bisa yake zaune. Shi ya sa da ka taɓa sai yatsunka su yi shuɗi.

Kai wa matar birni wannan zane, za ta mayar maka da shi ta ce rinin yana zuba. Ba'abzine kuwa a Agadas zai biya kuɗi mai tsoka, ya naɗa shi rawani, ya yi alfahari da shuɗin da ya bari a goshinsa da kumatunsa. Ba ya wanke shi, domin wanki ɗaya ya kashe ƙyallin. Wani tsuntsu yana gudun ruwa, agwagwa cikinsa take kwana. Kuma cinikin ba na jiya ba ne: da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai rinannen tufafin ƙasar har Tumbutu da Tarabulus.

Abin da yake damuna shi ne yadda mutane suke haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Son baƙi mai ƙyalli ko shuɗi mai haske irin na saƙi, wannan ra'ayi ne, ba mai hurumin yi wa wani dariya a kai. Ingancin aiki kuwa ba ra'ayi ba ne, kuma marini ya san haka tun kafin mai saye ya buɗe baki.

Karofi ruwa ne da baba da toka, a bar su kwanaki su ruɓa su nuna, a zafi da wuri, a hunturu da jinkiri. In an yi gaggawa aka tsoma zane ruwan bai nuna ba, launin ba zai kama ba. In aka cika motsa shi da muciya iska ta shige shi, ruwan ya mutu. Zanen da ba a jiƙa an fitar masa da sitaci ba dabbare-dabbare yake fitowa, haka wanda aka tsoma a dunƙule iska ta maƙale a lunguna. Babban kuskuren shi ne a jefa zane a bar shi tsoma ɗaya mai tsawo don a huta. Zane yana fitowa daga karofi kore-kore ne, iska ce take juya shi shuɗi a gaban idonka. Dole a tsoma, a fitar, a baza ya sha iska, a sake tsomawa. Wanda ya tsallake wannan, rininsa zai koɗe ya koma toka-toka bayan 'yan wanki.

To jama'a, zubar turkudi da gangan aka yi ta, don masu son ta. Zubar rinin gaggawa ha'inci ne, kuma Ba'abzinen da yake son shuɗi a fuskarsa shi ne farkon wanda zai ƙi shi. Yakan ɗaga zanen ya kalli rana ta cikinsa, ya duba ko bugu ya farke ɗinkin da ke tsakanin ƙyallayen, ya murza gefe ya ga ko a ƙarƙashin shunin zaren kansa ya sha baba ko fari ne aka lulluɓe.