Ai rabon gado ma lissafin aji ne

Na karanta labarin nan naku kan yadda ɗalibai ke gudun lissafi wai ba su ga amfaninsa ba. Ni dai ban ga laifin yaran ba sosai. Shekara nawa muka yi muna neman LCM (ƙaramar lambar da lambobin da aka ba ka duk za su raba ta ba saura) a allo, ba wanda ya ce mana ga inda za mu haɗu da shi.

Sai da na zauna gaban malaminmu a zaure yana raba gado. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma biyu bisa uku. Malam ya ce asalin mas'ala, wato adadin kason da za a fara raba dukiyar, 6 ne, don 2 da 3 duk suna raba shi: miji 3, mata 4, ya zama 7, dukiya ba ta kai ba. Sai aka yi auli, wato aka rage wa kowa daidai gwargwadon kasonsa, aka raba gida 7. Wallahi baki na saki, ashe LCM ɗin nan ne da aka sha zane mu a kansa!

Shi kansa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820, kaso mai yawa na littafin kan gado da wasiyya ya yi shi. Malaman lissafi, don Allah ku riƙa shigo da irin wannan cikin aji.