Idan wa'adin takardar fili ya cika, gidan na wa ne?

Da yawa daga masu ajiye da takardar shaidar mallakar fili a ƙasan akwati ba su taɓa tsayawa sun karanta layin da ya fi muhimmanci a jikinta ba: ranar da wa'adi ya fara, da shekarun da aka ɗiba. Galibi 99 ne ga gidan zama, wasu filayen kasuwanci da masana'antu kuwa ba su kai haka ba. Ranar da shekarun suka cika, sai mai gida ya koma ma'aikatar ƙasa ya nemi a sake ba shi filin da yake zaune a kai. Wannan shi ne sake bayarwa, kuma ya sha bamban da sauya takardar da ta ɓace ko ta tsufa. A can haƙƙinka yana nan, takarda kawai ake canzawa. A nan haƙƙin ne ya ƙare, ake ƙulla sabo, da sabon kuɗi da sababbin sharuɗɗa.

Tushen lamarin shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 8 kuma ya ce izinin zama da gwamna ya bayar dole ya kasance mai wa'adi. A Arewa ba sabon abu ba ne, tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka ɗora ƙasa a hannun hukuma, dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawu. Shi ya sa tsofaffin takardu a Kano da Kaduna da Jos suka riga na zamanin Obasanjo cika. Wadda aka bayar a 1926 ta ƙare a 2025.

Inda gizo ke saƙar shi ne dokar ba ta fito fili ta ce wajibi ne a sake ba mai riƙe da filin ba. Ta yi dogon bayani a sashe na 28 da na 29 kan soke izini saboda amfanin jama'a da biyan diyyar gini, amma ta bar ƙarewar wa'adi a buɗe. A aikace ana sake bayarwa, gaskiya ne. To amma abin da ake yi maka don alfarma, ana iya hana ka ranar da ka tsaya takara a jam'iyyar da ba ta gwamna ba, ko ranar da unguwarku ta yi daraja har wani mai uwa a gindin murhu ya ƙyalla ido.

Magada su suka fi shan wuya. Kaka ya rasu, an raba gado a gaban alƙali, kowa ya san sasansa, amma takarda na nan da sunan mamaci, ga bashin harajin fili na shekaru da ba wanda ya biya. Ba sa farga sai ranar da ɗaya ya kai takardar banki neman rance, ma'aikaci ya ɗora yatsa a kan kwanan watan ya turo masa ita. Wanda kuma ya ɗauki harajin fili wasa, ya tuna takardu 4,794 da hukumar Abuja ta sanar da sokewa a 2025 saboda rashin biyansa.

Masu kare tsarin suna cewa wa'adi na ba gwamnati damar gyara fasalin gari da karɓo filayen da aka bari fayau. Na yarda da wannan a kan kangon da ba a ɗora ko bulo ɗaya ba. Ban yarda da shi a kan gidan da aka haifi jikoki a ciki ba.

Gyara dokar 1978 aiki ne ja, tunda sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗaure ta a jikinsa. Amma ba sai an jira Abuja ba. Kowace jiha na iya rubutawa a jikin takardar cewa wanda ya gina kuma ya biya haraji za a sake ba shi kai tsaye, ta wallafa kuɗin da za a biya, ta kuma aika wa mai fili sanarwa tun saura shekara biyar wa'adi ya cika.